Ciyawa Mai Rai Ko Ta Roba: Wacce Ta Fi Dacewa Da Tsakar Gida A Dubai?

Tambayar da ake yawan yi mini a 'yan shekarun nan, musamman daga iyalan da suka tashi daga gidajen bene na Deira suka kama hayar gida mai fili a Muhaisnah ko Mirdif ko Al Mizhar, ita ce: shin mu shuka ciyawa a tsakar gida, ko kuwa mu sayi wannan koriyar darduma ta roba mu shimfiɗa mu huta? Mai sayar da ta roba zai ce maka ba ruwanka da ban ruwa, ba yanka, ba taki, kuma kullum tana nan shar. Duk wannan gaskiya ne, sai dai akwai abin da bai faɗa ba. Ni aikina injiniya ne, kuma yawancin rayuwata a kan lissafin ruwa da zafi na yi ta, saboda haka zan yi ƙoƙarin bayyana yadda abin yake dalla-dalla, domin kowa ya yanke shawara da idonsa a buɗe.

Amsata a taƙaice ita ce, ga gidan da ke da yara, ciyawa mai rai ta fi, amma da sharaɗin a yi ta 'yar kaɗan, daidai ruwan da aljihu zai iya saye. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Yanayin wurin da muke magana a kai

Ga waɗanda ba su san Dubai ba, Muhaisnah unguwa ce a gabashin birnin, kusa da Al Qusais da Mirdif, a bakin babban titin Sheikh Mohammed bin Zayed wanda ke bi ta Sharja. An kasa ta kashi huɗu. Akwai ɓangaren da ke da gidajen ƙasa masu katanga da fili, akwai na gidajen bene inda Lulu Village yake, sannan akwai Muhaisnah ta 2 da aka fi sani da Sonapur, inda masaukan leburori suke. Ƙasar wurin yashi ce zalla, ba ta riƙe ruwa, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa na yankin yana da gishiri.

Ruwan saman da Dubai ke samu a shekara bai cika wuce milimita 100 ba, alhali Kano na samun sama da 700. A watannin Yuli da Agusta zafi kan wuce digiri 40 kusan kullum. Ruwan famfo kuwa kusan dukkansa daga teku ake ɗebo shi a tace a cire gishirin, akasari a Jebel Ali, sannan hukumar wuta da ruwa ta DEWA ta sayar mana da shi. Wato a nan, duk wani koren ganye da ka gani, to kuɗi ne wani ya zuba. Wannan shi ya sa ciyawar roba ta samu kasuwa sosai.

Mece ce ciyawar roba?

Asalinta daga Amurka ne. A 1965 aka buɗe wani rufaffen filin wasa mai suna Astrodome a birnin Houston, da rufin da haske ke ratsawa domin ciyawa ta rayu. Sai hasken ya riƙa kashe wa 'yan wasa ido, aka shafa wa wani sashe na rufin fenti, ciyawar kuwa ta mutu. A 1966 aka shimfiɗa ta roba wadda kamfanin Monsanto ya ƙera, aka sa mata suna AstroTurf. Ku lura da wannan: ta fara shahara ne a wurin da rana ba ta shiga sosai.

Wadda ake sayarwa a yau zaren roba ne, dangin wadda ake yin leda da buhun shinkafa da ita, a saƙa shi a jikin wani ƙyalle na roba, a shafe bayansa da danƙo. Kafin a shimfiɗa ta sai an kwashe ƙasar sama, an zuba tsakuwa an daddaɓe, sannan a barbaɗa yashi a tsakanin zaren domin ya tsaya. A filayen ƙwallo kuma akan zuba garin tsohuwar taya a maimakon yashi ko tare da shi.

Batun zafi

Wannan shi ne babban dalilina, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya riga ya san sirrinsa ko da bai shiga ajin kimiyya ba. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Saboda randa tana tsattsafo, ruwan da ya fito jikinta yana bushewa, kuma bushewar nan tana tafiya da zafi. Da wannan hikimar ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya-cikin-tukunya ta adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Ciyawa mai rai randa ce shimfiɗaɗɗiya. Tana jan ruwa ta saiwa, tana fitar da shi ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye. Tun muna ɗalibai a jami'a a Ingila aka sa mu haddace cewa kowace lita ɗaya ta ruwa da ta zama tururi tana ɗauke zafin da ya kai kashi biyu cikin uku na yunit ɗaya na wutar lantarki, wato kamar zafin da dutsen guga zai bayar cikin minti 40. A lokacin bazara, rana na sauke wa kowane murabba'in mita zafin kusan yunit 7 a yini. Idan ciyawar da ke wurin ta fitar da lita 6, to ta kwashe kimanin yunit 4, fiye da rabi ke nan, ba tare da an kunna komai ba. Shi ya sa fuskar ciyawa mai rai ba ta yin nisa da zafin iskar da ke kewaye da ita.

Ita kuwa roba ba ta gumi. Duk zafin da ya sauka a kanta nan yake taruwa, kuma zaren ba ya miƙa shi ƙasa da sauri. A 2002 masu bincike a Jami'ar Brigham Young ta jihar Utah a Amurka sun auna fuskar filin wasansu na roba suka tarar ta kai digiri 93 a ranar da zafin iska yake digiri 37. Suka gwada jiƙa shi da ruwa: ya sauko daga digiri 79 zuwa 29, amma cikin minti 5 ya koma 49, cikin minti 20 kuma ya kai 73. To wannan a Utah ke nan, ina ga Muhaisnah a watan Agusta? Abin da ya kai digiri 70 yana iya ƙona tafin ƙafar yaro cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma ƙaramin yaro mai rarrafe ba ya iya tserewa da sauri. Wanda ke shakka ya je inda aka shimfiɗa ta da ƙarfe biyu na rana ya ɗora bayan hannunsa, sannan ya ɗora a kan ciyawar gefen titi. Gani ya kori ji.

Zafin kuma ba a kan dardumar kaɗai yake tsayawa ba. Iskar da ke kanta tana ɗumama, tana bugun bango da tagogi, tsakuwar da ke ƙarƙashi tana riƙe zafi har bayan magariba, kwandishan kuma ya ƙara aiki. Akwai ma gidajen da hasken da ke dawowa daga gilashin taga yake narkar da zaren ya bar tabo. Gaskiya ne cewa a ranakun da iska ke da laima sosai, kamar ƙarshen Agusta da Satumba, sanyayawar ciyawa mai rai tana raguwa, amma ko a lokacin bambancinsu a bayyane yake.

Batun tsabta da lafiya

Ƙasa mai rai tana da ma'aikatan da ba a biya. Idan ganye ya faɗo, ko tsuntsu ya yi kashi, ko yaro ya zubar da kunu, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa za su cinye shi, ban ruwan gobe kuma ya wanke saura. A kan roba babu mai wannan aikin sai matar gida ko mai aiki. Unguwanninmu cike suke da kuliyoyi, kuma fitsarinsu idan ya shiga yashin da ke tsakanin zaren, rana ta buga shi, warin ba ya fita sai da sabulu da ruwa mai yawa. Haka ƙurar da iskar shamal ke kawowa, wadda ta yi kama da hazon hunturu a gida: ciyawa mai rai tana shanye ta ta zama ƙasa, ta roba kuwa tana tara ta har ta toshe ƙofofin da ruwa ke bi. Ashe maganar cewa ba ta buƙatar ruwa ko aiki ba ta cika ba.

Sannan ga mu da son gashi. Ranar Sallah ko suna, idan garwashi ya faɗo a kan ciyawa mai rai, wurin zai ƙone ya sake tsirowa cikin mako biyu ko uku. Idan a kan roba ne, ramin ya zauna ke nan sai an yanke an yi faci.

Dangane da sinadarai, ya kamata a yi magana da adalci. Har yanzu masana na bincike a kan irin illar da garin taya da sauran sinadaran da ke cikin ciyawar roba ke yi wa jikin mutum. Abin da ya tabbata shi ne zaren yana gugewa ya zama ɓarɓashin roba da ke bin iska da ruwa. A 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar da za ta hana sayar da garin robar da ake zubawa a filayen wasa daga shekarar 2031. A 2022 kuma birnin Boston na Amurka ya dakatar da shimfiɗa sabuwar ciyawar roba a wuraren shaƙatawarsa. Idan hukumomi na taka-tsantsan haka, uba ma ya kamata ya yi tunani kafin ya shimfiɗa ta inda jaririnsa ke kai komai baki.

Masu wasan ƙwallo ma sun daɗe da yanke nasu hukuncin. Faɗuwa a kan roba tana saɓule fata. Gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar, maƙwabciyarmu mai irin zafinmu, a kan ciyawa mai rai aka buga ta, kuma sharaɗin da hukumar FIFA ta gindaya wa filayen gasar 2026 shi ne duk mai roba ya shimfiɗa ciyawa ta gaske. A ƙasar Holan ma an hana ƙungiyoyin babban rukuni wasa a kan roba daga kakar 2025.

Batun ruwan sama da tsawon rai

Ba kasafai ake ruwa a nan ba, amma duk mazaunin Dubai yana tuna ranar 16 ga Afrilu, 2024, lokacin da aka yi ruwan da ba a taɓa ganin irinsa ba tun da aka fara ajiye ƙididdiga a 1949. Abin da ya sauka a yini guda ya fi na shekara ɗaya, tituna da gidaje suka cika, har gwamnati ta sanar da aikin magudanan ruwa na Tasreef na dirhami biliyan 30. Ba na cewa ciyawar tsakar gida za ta hana irin wannan ambaliya. Amma yashin da saiwa ta ratsa yana shan ruwa da sauri, daɓen da ke ƙarƙashin roba kuwa an daddaɓe shi ne da gangan, wasu ma a kan siminti suke shimfiɗawa, saboda haka ruwan sai ya nemi hanya, wani lokaci hanyar ita ce ƙofar falo.

Game da daɗewa, masu ƙera ta kan ba da tabbacin shekara 8 zuwa 15, kuma ranar yankin nan ba ta raga wa roba. Idan ta tsufa zaren ya kwanta, launin ya koɗe, sai a naɗe ta a kai juji, domin haɗin roba iri-iri da danƙo da yashi yana da wuyar sake sarrafawa. Ƙasar da ke ƙarƙashinta kuma ta riga ta mutu. Ciyawa mai rai kuwa kullum sabunta kanta take yi, inda ya lalace sai a ciro daga gefe a dasa.

Inda gizo ke saƙa: kuɗin ruwa

Yanzu bari mu zo ga abin da masu goyon bayan roba suka fi mu gaskiya a kai. Ciyawa mai rai tana shan ruwa ƙwarai. A lissafin da muke amfani da shi wajen tsara ban ruwa a nan, kowane murabba'in mita na buƙatar lita 10 zuwa 12 a yini a tsakiyar bazara, a lokacin sanyi kuma kimanin rabin haka. Farashin DEWA hawa-hawa ne, iya yawan shanka iya tsadar kowace lita. Ga baƙi irinmu, lita 1,000 na kamawa daga kusan dirhami 8 zuwa 10 da 'yan kai, ban da ƙarin kuɗin mai da na magudanar ƙazanta da ake lissafawa a kan ruwan da mita ta nuna.

To mu buga lissafi. Filin da ke da tsawon mita 6 da faɗin mita 5, wato murabba'in mita 30, zai sha lita 360 a yini, kusan lita 11,000 a wata, abin da zai kama kimanin dirhami 90 zuwa 110 a watan da ya fi zafi, ban da ƙarin kuɗin mai da na magudanar ƙazanta. Amma wanda ya mamaye murabba'in mita 200 da ciyawa zai zuba lita 72,000 a wata, sama da dirhami 700, kuma zai kai shi farashin hawa na sama. Wannan kuɗin makarantar yaro ne a gida, ko abincin wata na wasu iyalan da ke jiran saƙonmu.

Kada kuma korayen lambunan gefen titi su ruɗe mu. Hukumar birnin Dubai da ruwan ƙazanta da aka tace a Warsan da Jebel Ali take ba su ruwa, ba da ruwan sha ba. A 2023 ta bayyana cewa tana sake amfani da kashi 90 cikin 100 na irin wannan ruwa, tana kuma son kai wa 100 nan da 2030. Mu kuwa a gidajen haya yawanci ruwan famfo muke da shi. Ko a Amurka, jihar Nevada ta yi doka a 2021 ta a cire ciyawar ado da ba mai takawa a yankin Las Vegas, amma ba ta taɓa ta gidajen iyali da filayen wasan yara ba. Wannan rarrabewar ita ce daidai: ciyawar da ake zama a kai daban, ta kallo daban.

Yadda nake ba da shawarar a tsara tsakar gida

Iyayenmu ba su san filin ciyawa ba. Abin da suka sani shi ne tsakar gida sharariya, da bishiya mai inuwa, da tabarma. Wannan tsarin ya fi dacewa da hamada fiye da wanda aka kwaso daga Ingila mai yayyafi kullum. Abin da nake cewa shi ne a riƙe tsarin gida, a ƙara masa ɗan koren wuri domin yara.

Na farko, a ware murabba'in mita 20 zuwa 40 kawai a wurin da ke samun rana aƙalla awa 6, domin ciyawa ba ta son inuwa mai duhu. Sauran filin a zuba tsakuwa mai haske ko jan yashi, a dasa itatuwan da suka saba da ƙishirwa, musamman ta yamma inda rana ke duka: darbejiya, da kurna ko magarya waɗanda Larabawa ke kira sidir, da dabino, da zogale, da lalle a jikin katanga. Akwai kuma ghaf, bishiyar da ƙasar nan ta ɗauka a matsayin alamarta, 'yar uwar ƙiryarmu ce. Wanda ke son ganin yadda take yin kurmi a cikin yashi ya leƙa lambun Mushrif, ba nisa daga Muhaisnah.

Na biyu, a zaɓi irin da ya dace. Iri biyu ne suka fi karɓuwa a nan. Akwai bamuda, wadda ba wata ba ce illa ƙiri-ƙirin da manomi ke yaƙi da shi a fadama, an dai inganta shi ne. Tana jure zafi da tattaki, kuma ko ta bushe tana farfaɗowa. Akwai kuma fasfalam ta bakin teku, wadda ta fi jure gishiri, ita ce aka shimfiɗa a filayen Katar a 2022. Ana sayar da su a naɗe kamar tabarma a wuraren sayar da tsirrai na Warsan.

Na uku, a gyara ƙasa kafin a shimfiɗa. A kwashe ɓaraguzan gini, a zuba jan yashi marar gishiri mai kaurin taƙi ɗaya ko fiye, a cakuɗa shi da ruɓaɓɓen taki sosai, domin takin ne ke riƙe ruwa. Lokacin da ya fi kyau shi ne Oktoba, ko Fabrairu zuwa Maris, yadda saiwa za ta kama kafin tsananin zafi.

Na huɗu, a yi ban ruwa da asuba, kafin rana da iska su sace rabinsa. A sa ɗan agogon da ke buɗe famfo da kansa, a kuma rage lokacin da zarar sanyi ya shigo, domin ɓarnar da na fi gani a gidajen mutane ita ce barin agogo a kan lissafin Agusta har cikin Janairu. Lokaci-lokaci a ba ta ruwa mai yawa sau ɗaya domin ya tura gishiri ƙasa. Ruwan da ke ɗiga daga kwandishan ba shi da gishiri, kuma a watannin laima yana iya cika bokiti a yini, haka ruwan alwala da na wankin shinkafa da kayan miya, duk a tara a ba itatuwa.

Na biyar, wajen yanka kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganyen a lokaci guda, kuma a bazara a bar ta da ɗan tsawo domin ta yi wa saiwarta inuwa. Ƙaramin fili irin wannan, injin turawa da hannu ya ishe shi, kuma aiki ne da ya kamata a koya wa yara. Da yawa daga 'ya'yanmu da aka haifa a nan ba su taɓa ganin abu ya tsiro a hannunsu ba.

Na shida, tunda yawancinmu 'yan haya ne, a nemi izinin mai gida a rubuce kafin a taɓa filin, a kuma fayyace wanda zai ɗauki nauyin gyara ranar tashi.

Inda ta roba ke da amfani

Ba na cewa a jefar da ita gaba ɗaya. Wanda ke zaune a bene a Muhaisnah ta 4, yana da 'yar baranda mai inuwa, ba shi da inda zai shuka komai, to ya shimfiɗa abarsa, ya riƙa ɗagawa yana wankewa. Haka wanda ke tafiya gida wata uku a bazara ba mai kula masa, gara ya zuba tsakuwa ya dasa bishiya da ya shuka abin da zai mutu. 'Yan uwa da ke Jidda da Makka da Doha, lissafinku ɗaya da namu. Na Landan da Manchester kuwa, inda sama ke yin ban ruwa kyauta, ban ga hujjar rufe ƙasa da roba ba sam.

Kafin kowa ya biya kuɗi, ya ɗauki awo ya auna filinsa, ya ninka da lita 12, ya ninka da kwana 30, ya dubi abin da zai iya biya a wata ba tare da ya tauye wani haƙƙi ba. Abin da lissafin ya ba shi, shi ne girman ciyawarsa. Allah ya ba mu sa'a, ya raya mana zuri'a.